Ranar da Ya Kira Inna

Akwai marubutan da ban yafe wa ba har yau, kuma ba su ma san ina duniya ba. Na farkonsu shi ne wanda zai ja ka shafi bayan shafi, ya tayar maka da tsikar jiki, ya sa ka ji tsoron shiga bayin gidanku, sannan a layin ƙarshe ya ce wai matar ta farka, ashe mafarki take yi. Ranar da na karanta wa Inna irin wannan ƙarshen tana tankaɗen garin hoce. Ta ajiye rariya ta dube ni kamar ni na rubuta.

"Mahwarki na?" ta ce. "To shi kwanta shi ƙarasa abinai mana. Mi yas sa yaj jawo mu ciki?"

Inna, mahaifiyata, ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai tankaɗe labarin tsoro kamarta ba. Tun ina sakandare a Gummi nake sayo ƙananan littattafan nan ranar kasuwa, in zauna bayan la'asar ina karanta mata tana aiki. Idan na ɗauko na soyayya sai ta ce in kai wa tsarata. Na aljanu take so, da na fatalwa, da na gidan da aka ce kada a buɗe ɗaki kaza. Dodon da aka zayyana mata tun daga ƙaho har kofato, wuta na fita a bakinsa, dariya yake ba ta. Abin da ke sa ta tsayar da rariya shi ne a ce mace ta share tsakar gida, ta waiwaya, ta ga sawun ƙaramin yaro a inda ta share, alhali babu yaro a gidan. Kuma ba ta yarda da aljanin da ba shi da dalili. Idan abu ya taso yana shaƙe mutane haka kawai, sai ta ce wannan mahaukacin kare ne. So take ta san me aka yi masa, wa ya yi, kuma in ya tashi ramawa ya san ƙofar da zai buga.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan maɗori, kuma zaurensa yana jingine da wajen da Inna ke aiki. Wani lokaci ina tsakiyar karatu, an zo daidai inda ƙofa za ta buɗe da kanta, sai ihu ya taso daga bayan katangar, mu zabura mu duka, sannan mu fashe da dariya. Duk wanda aka ja wa ƙafa a zauren nan abu ɗaya yake faɗa. Mun ji direbobi, mun ji 'yan dambe, mun ji wani dattijo mai farin gemu wanda mahaifiyarsa ta rasu tun ba a haife ni ba. Kowannensu da ƙashi ya motsa sai ka ji, "Wayyo Inna!" A ƙasarmu haka ake kiran uwa, kuma ita ake kira idan azaba ta kai. Inna takan amsa a hankali daga wannan gefen, "Na'am, sannu," ta ci gaba da tankaɗenta.

Yayata tana aure a wani ƙauye na ƙasar Anka. Da ɗanta na fari ya isa yaye, gidanmu aka kawo shi kamar yadda aka saba, ya zauna wajen kakarsa har ya yi wayo. A bakinmu ya koyi magana, don haka abin da muke kiran kowa shi yake kiransa. Uwarsa Yaya ce, kakarsa kuwa Inna. Ko da aka mayar da shi ƙauye bai canza ba, kuma kowa a gidan ya san idan ya ce Inna tsohuwar Gummi yake nufi. Yaro ne mai surutu, mai satar hoce tun yana kan tanda. Inna takan ce mijinta ne, shi kuma ya ce ya sake ta, ta cika faɗa.

Gidan su yayata babban gida ne, kuma mai faɗa a ji a cikinsa shi ne wan mijinta. Bari in kira shi mai duwatsu, domin shi ya fara kawo buhunan dutsen zinari cikin gidan. A tsakar gida ake farfasawa, mata su daka a turmi, a niƙa, a wanke, a shanya kusa da inda ake shanya gero. Ƙura ta kwanta a kan komai, har kan kwanon abinci, yara na rarrafe a cikinta suna sa hannu a baki. Gidan ya samu rufin kwano da sabon babur. Babu wanda ya ga laifin kowa.

Sai yara suka fara ciwo. Amai, zafin jiki, sannan jijjiga, ido ya juye, jiki ya sandare. Labari ya riƙa zuwa daga ƙauyukan Dareta da Sunke cewa ana binne yara, ba a san dalili ba. Da aka aiko cewa namu ma ya kwanta, ni na raka Inna. Mun isa da hantsi, muka tarar da gidan cike da mutane, kuma babu wanda ya amsa sallamarmu da kyau. Na ɗauka tashin hankali ne.

Ga abin da ya faru. Mutanenmu sun yarda cewa wanda maye ya kama, idan ciwo ya gigita shi, yakan kira sunan wanda ya kama masa kurwa. Yaron nan kuwa tun da ya fita hayyacinsa kalma ɗaya ce a bakinsa. Mai duwatsu ya tsaya a tsakar gida, kusa da turmin da ake daka masa dutse, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kun dai ji da kunnuwanku. Ba uwatai yaka kira ba, ba ubanai ba. Suna guda na a bakinai tun jiya, ga kuma mai sunan ta zaka da ƙahwarta."

Inna ta ce, "Ɗan nan ni niy yaye shi. Wa kuka so shi kira?"

Babu wanda ya saurare ta. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ba mu da namiji a wajen, mijin yayata kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa kamar an aike shi ƙirga tururuwa. Maganin kamun maye a wajensu shi ne wanda ake zargi ya tsallaka majinyacin, wai ta haka kurwa ke komawa. Suka ce ta cire mayafi da ɗankwali. Na yi ihu, na yi zagi, wasu mata suka riƙe ni a bakin ƙofa. Abin da na iya gani ta saman kafaɗunsu shi ne bayan Inna, da furfurarta a waje a gaban maza, tana tattare zane tana ɗaga ƙafa. Ta yi ne don an ce in ta ƙi, ita ta kashe shi. Yaron ya cika kafin azahar.

Daga baya likitoci suka zo, suka ɗebi jinin yara, suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Na jira mai duwatsu ya zo Gummi ya durƙusa. Abin da ya iso mana shi ne maganarsa a bakin masallaci, wai, "Dalma dai dalma ta, mun ji. Amma mi yas sa yak kira ta?"

Magana ta riga mu zuwa gida. Da can ƙofar gidanmu ba ta rabuwa da yara masu sayen hoce. Sai suka fara raguwa. Ba wanda ya ce wa Inna komai a fuska, ai mutanen kirki ne, suna gaishe ta har ƙasa. Sai dai in ta shiga gidan suna, mai jego ta gyara wa jariri lulluɓi ta juya shi wajen bango. Inna ta gane. Ta daina miƙa hannu ga ɗan kowa, ta daina hoce, ta daina amsa ihun bayan katanga. Abin da nake so a duniya tun daga lokacin ɗaya ne, mutumin nan ya buɗe bakin da ya ɓata ta da shi ya wanke ta, a gaban mutane, tana raye.

Karatu dai ba mu bari ba, amma ya canza mini. Wata rana na buɗe sabon littafi, shafi na biyu sai ga tsohuwa marar miji a ƙarshen gari, idonta ja, yara na mutuwa a unguwarta. Na tsayar da karatun. Inna ta ce, "Ci gaba mana," amma hannunta ya tsaya a cikin shinkafar da take tsincewa. Na tashi na cusa littafin a murhu. Wannan shi ne marubuci na biyu da ban yafe wa ba, malalacin da in ya rasa mugu sai ya waiwaya ya ɗauko tsohuwa. Shi ya sha shayinsa ya kwanta, bai san akwai gidan da za a karanta abin nan a gaban mai furfura ba.

Na uku shi ne mai kiran malam a shafin ƙarshe. An zalunci baiwar Allah, ta mutu, fatalwarta ta dawo, mun bi ta tun daga farko muna jiran ta isa ga azzalumin, tana dab da shi sai ga malam da carbi, ya yi tofi, ta yi kuka ta ɓace, azzalumin ya ce ya tuba, kowa ya yafe wa kowa. Ni ba na faɗa da addu'a, da ita nake kwana nake tashi. Amma a nan marubucin ne ya gaji, ya kira malam ya watsa masa taro. Idan na kai irin wannan wajen har zuciyata tafasa take yi, domin na san yadda ake ji idan an ce ka yi haƙuri alhali ba a ma yarda an yi maka laifi ba.

Da littattafai suka koma cikin waya, kowa ya zama marubuci, ni ma na ce bari in rubuta nawa. Lokacin na yi aure a unguwarmu, kullum ina wajen Inna. Na ƙirƙiro wani mai haƙar zinari, na ba shi tsawon mai duwatsu da tafiyarsa da yadda yake kaɗa makullin babur. Sannan na zauna ina kashe shi. Na sa rami ya haɗiye shi. Na sa macijin da ke gadin zinari ya naɗe shi. Na sa yaran da suka mutu suka fito daga ƙasa suka cika masa baki da ƙura har numfashinsa ya tsaya. Wallahi na ji daɗin rubuta wannan, har abinci na ƙara ranar. Na karanta wa Inna ina jiran yabo.

Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kin kashe shi."

"Na kashe shi, Inna."

"To ya mutu. Ya san abin da yak kashe shi?"

Na ce ai ya ga yaran.

"Mutanen da sunka tsaya ranan nan hwa, sun gani? Wa yaj ji ya hwaɗi da bakinai?" Ta girgiza kai. "Wagga ba ramuwa ba ta, ɗiyata. Haushi na kinka zubar. Mutuwa ai kowa za shi yi ta."

Na ji haushinta, amma gaskiyarta ce. A labarin nawa bala'in daga waje ya zo masa, irin wanda zai iya faɗa wa kowa. Labarin da ke kwantar da rai shi ne wanda abin da mutum ya jefa da hannunsa ya zagayo ya same shi, ya gane shi, kuma a gaban idon jama'a. Na san haka, amma na rasa yadda zan rubuta. Na bar labarin a waya ba ƙarshe, shekaru suka wuce, Inna tana ƙara ranƙwafawa, ni kuma tsoro na kama ni kada ta tafi da sunan nan a kanta.

Sai wata rana yayata ta kira ni. Rami ya rufta wa mai duwatsu ta wajen Bukkuyum, ƙafa ta karye, an yi masa ɗori a ƙauye ta haɗe a karkace. An ce sai an sake karyawa an daidaita. Tambayarta ita ce, ko maƙwabcinmu yana aiki har yanzu?

Na ce yana yi, kuma duk ƙasar nan babu kamarsa. Ban yi ƙarya ba, babu kamarsa. Na ce kada su ɓata lokaci wajen wani. Da na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai har mijina ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Da kaina na je gidan maɗorin na ce ga baƙi nan tafe daga ƙasar Anka, a taimaka musu. Ya dube ni ya daɗe, domin ya san labarin kamar kowa a unguwar, sannan ya ce Allah ya kawo su.

Ban gaya wa Inna ba. Ranar da za su zo na je da wuri, na share gindin katangar nan, na shimfiɗa mata tabarma a wajen da ta daina zama, na ce inuwar ta fi a can. Na ɗauko wayata na fara karanta mata wani labarin gidan haya da ake jin daka a cikinsa ba kowa. Kunnena ɗaya yana kan titi. Na ji tsayuwar mota, na ji muryoyin mutanen ƙauyen suna sallama, na gane wasu daga cikinsu. Na ci gaba da karatu.

Maɗorinmu ba ya gaggawa. Sai ya shafa man shanu, ya yi hira, ya tambayi labarin damina, ya sa maza su riƙe kafaɗu da ƙugu. Shiru ya yi tsawo har na fara tunanin ko mutumin nan zai daure ya ɓata mini labari. Sai muka ji ƙas, kamar an karya icen girki.

"Wayyo Inna! Wayyo Inna, na mutu!"

Inna ta ɗago kai. Ba ta tambaye ni ko waye ba. Muryar da ta tsaya a kanka ta kira ka mayya ba ka manta ta. Ta dube ni, ta dubi tabarmar da na shimfiɗa mata, ta gane abin da na yi.

"Kashe wayag ga," ta ce. Ta dafa katanga ta miƙe.

Na bi ta a baya. Ta shiga zauren da sallama, maza suka dare. Mai duwatsu yana kwance a tabarma, gumi ya jiƙa shi, ya rame, gemunsa ya yi fari. Biyu daga cikin masu riƙe da shi suna tsaye a tsakar gidan nan ranar da aka cire mata ɗankwali. Mijin yayata ma yana nan, ya sake samun ƙasar kallo.

"Na ji kira," Inna ta ce. "Wa ka kira na?"

Ta sauke idonta a kan mai duwatsu.

"Kai na? Suna guda na a bakinka, kowa ya ji. Halan kai ma na kama ka?" Ta zame mayafinta ta miƙo mini, ta kai hannu ga ɗaurin ɗankwali. "Ku matsa in tsallake shi, kada shi mutu ku ce ni ta."

Maɗorin ya saki ƙafar ya naɗe hannuwansa. Ƙashi a karye, ba mai ja, ba mai ɗaurewa.

"Inna, don Allah," mai duwatsu ya ce.

"Ga shi ka ƙara kira."

Ya dubi mutanensa, babu wanda ya dube shi. Na taɓa kashe mutumin nan da maciji, da rami, da ƙura, amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Daɗi na ji, tsantsarsa, har cikin ƙashina.

"Ba ke ba ta," ya ce. "Dutsi na. Ni nik kawo shi gida."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsuhwa."

Ya sake faɗa, da ƙarfi, har matan da suka taru a bakin ƙofa suka ji. Inna ba ta ce ta yafe ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta karɓi mayafi, ta ce wa maɗorin ya ja ƙafar da kyau kada ta sake karkacewa. Muka fita ta tsakiyar matan unguwa, suna buɗe mana hanya suna sunkuyar da kai.

A tsakar gida na kasa zama. Na ce, "Inna, wannan ƙarshen fa? Ya sani, sun gani, ya faɗa da bakinsa. Saura me?"

Ta zauna a tabarma a hankali, ta miƙe ƙafafunta, tana kallonsu.

"Shi nashi kiran an amsa," ta ce. "Ke kina baya ranan nan, ba ki gani ba. Da nit tsaya a kan yaron ya buɗe ido. Ya gane ni. Yac ce Inna, yam miƙo hannu. Ɗauka yaka so. Ni ko nit tsallake shi."

Tun ranar da aka binne yaron ban ga hawayenta ba sai lokacin. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta. Ta bayan katanga maɗorin ya koma kan aikinsa, ihu ya sake tashi. Inna ta toshe kunnuwanta da mayafi. Ni kuwa na matsa na jingina da katangar, na saurara har aka gama.